Sojan da Ba a Shafa wa Ƙasa Ba

Sufyanu mai fataucin albasa yana jiran motar Konni ta cika a tashar Illela, amma idonsa na kan wani dattijo da ke zaune a rumfar mai shayi. Dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare, bayansa a miƙe sambal. A kan tire a gabansa ƙananan sojojin roba ne, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, irin waɗanda ake jerawa a tebur a yi wasan yaƙi da su kamar dara.

Yana yi musu fenti da ɗan siririn burushi, yana riƙe numfashi. Da fentin ya bushe sai ya ɓata shi da gangan. Ya dangwalo jar ƙasa ya goga a gwiwoyi, ya shafa tokar murhun mai shayi a bakin bindiga, har shatin gumi yana zanawa a hammata. Sufyanu ya ce a ransa, wanda ya san inda kaki ke fara koɗewa, lallai ya daɗe a cikinsa.

Guda ɗaya kawai dattijon ya ware gefe, tsaf da shi kamar ango.

Sufyanu ya matsa ya ce, "Baba, wanga fa? Don mi ba ku shafa mai ƙasa ba?"

Dattijon bai ɗago ba. Ya gyara wa sojan tsayuwa da ɗan yatsa, ya ce, "Ƙanena ne. Ran da muka isa fagen daga aka harbe shi. Kakinai bai samu yin datti ba."