Ranar da Aka Ce wa Baffa "Mushe"

Duk sanda ruwan farko ya sauka a unguwarmu ta Briqueterie, rigol, wato kwatar da ruwa ke bi, ta tashi da warinta, sai gidanmu na da ya faɗo mini a rai. Na zauna a Bangui, na zauna a Khartoum, na yi shekaru a Jidda, amma ban shaƙi warin da ke tayar mini da zuciya kamar wannan ba. Ba ƙazantar ce ke damuna ba. Abin da baffana ya yi ne.

Gidanmu a gangare yake. Sama da mu akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Ewondo, Kirista, wanda mahaifinsa ne ya ba kakanmu filin. Hausarsa a karye take, amma da ita yake gaishe mu kowace safiya: "Sannu, ɗan'uwa, ina gajiya." Da layya mukan aika masa cinya a kwano, kwanon ya dawo cike da filanten, wato ayabar suya. Da Kirsimeti yakan aiko kaza da ranta, don ya san ba ma cin yankansa. Kafin damina mazan gidajen biyu su fito da shebur su yashe rigol tare. In ruwa ya yi ƙarfi kuwa, yakan ɗage wani kwanon rufi a shingensa, rabin ruwan ya bi ta lambunsa ya fita ta ɗaya gefen. Babu wanda ya taɓa roƙonsa. A ƙarshen gidanmu, inda ruwa ke fara bugu, nan ɗakin kakata yake, a nan nake kwana, a nan kuma akwatin littattafan kakanmu yake.

Da kakanmu ya rasu, baffa ya zama babba. Shi ra'ayinsa, aboki in ba ya tsoronka raina ka yake yi. Ya ce ruwan daga sama yake zuwa, don me za mu yashe dattin wani? Ya ce matan dattijon ta lungunmu suke bi zuwa famfo, mu ke da abin riƙe su. Mahaifina ya yi ta ba shi haƙuri, yana cewa mutumin da ke tare maka ruwa ba a yi masa tsawa. Baffa ya ce wannan maganar rago ce.

Layyar shekarar, da kansa ya ɗauki kwanon ya hau, da rana tsaka, mutane na kallo. Ya buɗe shi a gaban dattijon: babu komai a ciki. Ya ce nama zai dawo ranar da suka yashe rigol su kaɗai, in ba haka ba ya toshe lungu.

Kuma ka san abin takaici? Barazanar ta yi aiki. Kwana biyu sai ga dattijon da 'ya'yansa cikin laka har gwiwa. Baffa ya sa kujera a ƙofar gida yana kallo. Da suka gama, dattijon ya wanke hannu, ya ɗan rusuna ya ce da Faransanci, "Bonjour, monsieur."

Baffa ya shigo gida yana fara'a, wai yau an san girmansa, an kira shi yadda ake kiran manyan ofis. Kakata ba ta jin Faransanci. Ta tambayi me aka ce masa, aka maimaita mata. A kunnenta "mushe" ta ji.

"Ai bai yi ƙarya ba," in ji ta. "Abin da ke tsakaninmu ya mutu ba yanka."

Dattijon bai taɓa yi mana mugunta ba, wannan nake so ka gane. Da rani ya cire shingen kwano ya gina katangar bulo, ya buɗe wa matansa ƙofa ta wani lungun. Haƙƙinsa ne. Sai dai katangar bulo ba a ɗage ta.

Ruwan Oktoba ya zo bayan la'asar. Rigol a yashe take tas, amma ba ta iya ɗaukar ruwan duka ba, don da ma rabi take ɗauka. Mahaifina ya goyo kakata ya fito da ita, ba a jima ba bangon ɗakin ya zauna. Littattafan kakanmu muka tsinto washegari, tawada ta narke, takardu sun manne kamar tuwo. Dattijon ya zo da lema, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya jajanta da Faransanci mai kyau, ya koma.

Har baffa ya rasu yana cewa kuskurensa ɗaya, da bai hana ginin katangar ba.

Yanzu nakan zauna wurin mai shayi in ji samari na musu a kan wayoyinsu. Wai wata babbar ƙasa ta daka wa ƙawayenta tsawa, kuma ga shi duk sun rusuna, sun yi abin da aka ce. Wani ya ce wannan shi ne ƙarfi. Ni dai nakan ce su saurari da wane harshe ake gaishe ta yanzu, su kuma leƙa ko an fara sauke bulo.

Katangar tana nan. Jikan dattijon ne a gidan, mutum mai ladabi. Na koyi Ewondo da tsufana, da ita nake gaishe shi kowace safiya. Shi kuma ya ɗan rusuna ya ce, "Bonjour, monsieur."