Yarinyarmu

Har yau a Tsafe cewa ake yi butulci ne ya fitar da ni daga makarantar nan ta Gusau. Wasu kuma sun rantse koro ni aka yi don na mari 'yar Alhaji. Ban mari kowa ba, kuma ba a kore ni ba. Bokiti na ajiye.

Babana direba ne. Bas ɗin Alhaji yake ja tun kafin a haife ni. Da aka ba mu jiha, Gusau ta cika da manyan ma'aikata, sai aka buɗe wata makarantar kuɗi ta kwana, mata zalla, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Alhaji ya sa 'yarsa, wadda take sa'ata, ya ce a haɗa da ni. Inna ta yi ta guɗa har muryarta ta dushe.

Ranar da aka kai mu, Hajiya, matar Alhaji, ta dafa kafaɗata a gaban matar da ke kula da ɗakin kwana, ta ce, "Wannan yarinyarmu ce." Na ji daɗi har cikin raina. A garinmu idan babba ya ce yarinyarmu, 'ya yake nufi. Ban san cewa a gidajen masu hali mai wanki da shara ma yarinyarmu ake ce mata ba. Matar kuwa nan take ta gane. Ta ba 'yar Alhaji gadon jikin taga, ni ta ba ni na bakin ƙofa, inda ake jera takalma.

Famfon makarantar ba ya kawo ruwa kullum. Idan ya ɗauke, sai a yi layi a rijiyar burtsatse can ƙarshen fili, kowa da bokitinta. Ni biyu nake ɗauka. Da farko 'yar Alhaji ta ce ƙirjinta ke ciwo, na ce ba komai, ai zumunci ne. Daga ruwa aka koma guga, daga guga aka koma wankin safa. Ajinmu ɗaya, a lissafi ma ina gabanta nesa, amma haka muka yi ta tafiya har shekarar da ta rage saura ɗaya mu yi jarrabawar fita. Ƙawayenta, waɗanda suka tashi a Kaduna da Kano, suna kwaikwayon maganata. In na ce "awo" maimakon "e", sai su fashe da dariya. Wannan bai taɓa damuna ba. Bakin uwata ne.

Wata safiya muna da gwaji, layi ya yi tsawo. Na cika bokitinta, na taho tsakiyar fili, sai ta leƙo ta taga.

"Ke yarinyarmu, ɗaga ƙafa mana! Sai rana ta faɗi?"

Wata a cikin ƙawayen ta ce, "Wai ba 'yar uwarki ba ce?"

"Wa? Babanta direbanmu ne. Ai don ni aka kawo ta."

Ba da mugunta ma ta faɗa ba, shi ne abin da ya fi ƙona ni. Kamar mai faɗin yau Talata. Na sauke bokitin a inda nake tsaye, cike fal, na wuce aji. A nan ya wuni. Duk wadda ta zo wucewa sai ta kewaye shi, babu wadda ta taɓa.

Da azahar shugabar makaranta ta kira ni. Ta ce in durƙusa a gaban taron safe in ba 'yar Alhaji haƙuri, in koma abin da na saba, ko kuma in tattara kayana. Na ce, "Malama, wace doka na karya?" Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kada ki koya mini doka. Kin san wanda ya kawo ki nan. Na ba ki daga yau zuwa ranar ziyara."

Kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. Na san abin da zan rasa. Babu wata makaranta a duk yankinmu mai ɗakin gwaje-gwaje irin wannan, ni kuwa aikin asibiti nake so. Sauran 'yan matan suka daina yi mini magana. 'Yar Alhaji ta samu wata 'yar aji ɗaya tana ɗebo mata ruwa, ba ta ko kallona.

Ranar ziyara Baba ya zo. Motocin iyaye suna shiga ciki, shi maigadi ya ce bas ba ta shiga, sai ya tsaya a waje. Na fita na same shi a jikin katanga, hularsa a hannu.

"Mi kinka yi, ɗiyata?"

"Bokiti na aje, Baba."

"Shi kaɗai?"

"Awo."

Ya daɗe yana murza hular. Ya ce, "Haƙuri ai baki ne. Ki hwaɗi, ki ƙare karatunki."

"Baba, kai ka san don ita aka kawo ni?"

Ya juya yana duban tayar motarsa kamar ta yi faci. A lokacin motar Hajiya ta iso. Baba ya zube ƙasa yana gaishe ta, ita kuma ta sauke gilashi rabi ta ce, "Malam, ka ja wa yarinyar nan kunne." Motar ta shige, ƙofar ta rufe.

A nan na yanke shawara. Zan je gidan Alhaji in durƙusa wa Hajiya, don a shekaru ta haife ni, kuma don kada a karɓe makullin bas daga hannun Baba. Zan gode musu, da gaske ma, ba a baki ba. Amma sa'ata ba za ta ga gwiwata a ƙasa ba. Ina da gwaggo a Bungudu, kusa da gidanta akwai makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo, wadda rabin ɗalibanta a ƙasa suke zama. Na ce wa Baba ya jira ni kada ya ɗauki fasinja. Na koma ciki in ɗauko akwatina da bokitina, guda ɗaya.