Famfon Hajiya Inna

Har na bar aikin nan ba zan manta da ranar da manajanmu ya ce in gidan Alhaji Mansur ya sake kawo ƙara in ajiye akwatin kayan aikina in kama gabana ba. Lokacin ina da mata da 'ya'ya biyar, ga bazara ta kankama, ni kuma na gaji da gidan nan kamar in yi kuka.

Ku sababbin shiga, bari in fara da abin da muka je yi. Gida ne babba a Nassarawa GRA, bohol ɗinsu ruwansa mai nauyi ne. Sabulu ba ya kumfa, buta ta yi farin ɓawo a ciki, hitar wanka ta ƙone. Muka kafa musu na'ura bayan tanki: ruwa ya bi ta cikin 'yan ƙwayoyi kamar ƙwan kifi, su riƙe abin da ke sa shi nauyi. In sun ƙoshi, ruwan gishiri ya wanke su ya fita ta magudana. A gefe akwai hannu guda, in ka murɗa shi ruwa ya kewaye na'urar ya wuce gida yadda ya fito daga ƙasa. Don lokacin gyara aka yi shi.

Ni na haɗa ta, na gwada, lafiya lau. Ba a jima ba waya ta fara. Hita ta sake ƙonewa. In hau babur daga unguwar Gama cikin ranar nan, in tara ruwa a kwalba, in ɗiga maganin gwaji, ya koma shuɗi, wato ba shi da nauyi. In na tafi ƙara ta biyo ni. Alhaji ya ce wa manaja an turo masa ɗan koyo. Ni, da furfurata!

Da aka yi mini wannan kashedi na kasa cin abinci. Na ce ruwa dai ba ya tsami banza. Kullum sai Alhaji ya sanar da maigadi ina tafe, don haka wannan karon ban gaya wa kowa ba. Na wuce bayan gida kai tsaye, sai ga hannun nan a murɗe.

Maigadin, Malam Haruna, mutumin Jigawa ne mai kunya. Na ce, "Malam Haruna, tsakaninka da Allah, wa ke taɓa wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Malam Sabo. A wajenka na ga yadda ake yi. Inna ce ta sa ni, in za ka zo in mayar."

Wallahi raina ya ɓaci. Aikina zai tafi saboda tsohuwa! Inna mahaifiyar Alhaji ce, ɗakinta na can ƙurya. Na nemi iso, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, ina danne fushi.

Ta ce, "Kai ne mai zuba mana gishiri a ruwa?"

Na ce, "Inna, gishirin ba ya shiga gida, wanke na'ura kawai yake yi."

"Da idona na ga buhu-buhu ana juyewa. Ruwan santsi yake yi, in na yi alwala sai in ji kamar ban wanke ba. Ɗan nan, shekaruna sun tafi, sallar nan kaɗai ta rage mini. In tsaya gaban Ubangiji ina kokwanto?"

Ashe Alhaji ya taɓa kawo mata malami ya ce alwala da shi ta halatta. Ta gode masa, ta ba shi goro, ta ci gaba da abinta. To ni wa, da zan yi mata wa'azi? Fushin nan duk ya zube, sai gajiya. Kuma in na kai ƙara, Malam Haruna za a kora, don ba mai korar uwarsa.

Na samu Alhaji a falo na ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ƙalau take. A ba ni dama in ja wa Inna bututu ɗaya daga tanki, kafin ruwa ya shiga na'ura." Ya dube ni, ya gane. Ya ce, "Yi yadda ka gani." Bai tambayi wanda ke murɗawa ba, ni ma ban faɗa ba.

Na yini ina haƙa da fasa siminti har bayana ya riƙe. Na sa mata famfo gajere a ƙofar ɗaki, daidai mai zaune a kujera 'yar tsugunno. Ta tara hannu, ta kurkure baki, ta ce, "Yawwa, wannan shi ne ruwa. Allah ya yi maka albarka."

Ƙara ta tsaya cak. Manaja bai kore ni ba, amma godiyar da na samu ita ce faɗa: an kira mu mu rage nauyin ruwa, na je na ja mai nauyi har ƙofar ɗaki, in wani ya gani ya ce me? Na ce a yi haƙuri. Me zan ce?

Bayan wasu shekaru na je duba na'urar, na tarar Inna ta rasu. Na ce wa Malam Haruna bari in toshe famfon tunda ba mai amfani da shi. Ya riƙe mini hannu. Ya ce wasiyya ta bari a yi mata wanka da ruwansa, kuma da shi aka yi, Alhaji ya hana a taɓa.

Don haka nake gaya muku, kafin ku kwance na'ura ku zagaya gidan ku gaida mutanen ciki, ku ji me kowa ke yi da ruwan. Kwalbar gwaji nauyinsa kawai take nuna maka. Ranar nan dai na mayar da sifanata cikin akwati, na yi alwalar azahar a famfon, na hau babur na tafi gida na gaba.