Makonni takwas na Ummaru mai ɗaurin albasa

Yayana Ummaru ya shekara talatin yana ɗaurin lodin albasa a Aliero, kuma duk motar da ya gama sai ya zaga bayanta ya kunna sigari. Kara ɗaya yake saye wurin mai tebur. A gida ba ya sha, wai iyalinsa ba su sani ba, alhali tarinsa har maƙwabta yake kaiwa.

Zubaida ce 'yarsa ta fari. Don kunya ko sunanta ba ya kamawa, ba ya kuma kallon idonta. Da ta fara aikin jinya a Jega sai ta zo da wata manhaja a waya. In ka haska kyamara kan tabarma, sai ga kwalin sigari da ashana a allon, hayaƙi na tashi, tabarmar kuwa babu komai. Mutum zai yi ta kallo a kai a kai ba tare da ya sha ba, har kwaɗayin ya gaji ya sake shi. Sharaɗin ɗaya ne, ya faɗi gaskiyar abin da yake ji, daga sifili zuwa goma, don a san ko a ƙara masa da magani.

Duk Juma'a takan durƙusa daga nesa ta miƙa wayar.

"Baba, mi kaka ji?"

"Ba ni jin komi," in ji shi, kai a sunkuye. "Abin ga na yara na."

Haba! Mutumin da bai iya kiran sunanki ba, shi zai ce miki yana kwaɗayin taba? Ita kuma ta rubuta sifili, mako takwas a jere, tana murna, ta fasa kai shi a duba ƙirjinsa tunda a ganinta ya daina.

Da damina ya faɗi a gindin mota yana aman jini. Likita a Birnin Kebbi ya ce da an zo da wuri da akwai abin yi. Har yau haushin kowa nake ji, da shi, da wayar, da kunyar nan tamu.

Ranar sadakar ukun rasuwarsa Zubaida ta tare ni a zaure.

"Baffa, kai ka san bai bari ba?"

Na sani mana. Tun da ƙafa ta fara gagararsa, ni nake zuwa wurin mai tebur in sayo masa.