Kwandon Ten Rabaua

Shekara hamsin na san Ten Rabaua, ban taɓa ganin kwandonsa a buɗe ba. Kullum da hantsi yakan bi ta bayan gidana zuwa raminsa na babai, gwazar nan tamu mai tsayin mutum, ganyen takinsa a kwandon, lulluɓe da tabarma. Wane ganye ne, wanne ke fara shiga, wannan sirrin gidansu ne, daga uba sai ɗa. Ɗan nasa kuwa shekara tara ke nan yana New Zealand yana tsinkar tuffa.

Bara teku ta tumbatsa, ta ratso ta ƙarƙashin ƙasa, gishiri ya cika ramukanmu. Babai ya ruɓe a tsaye. Jirgin ruwan da ke kawo wa tsibirinmu shinkafa ya yi wata biyu bai leƙo ba. Yara suka koma kifi da kwakwa, ranar da iska ta hana fita kuwa sai kwakwa zalla.

Wata ƙungiya ta ƙasashen waje ta gina mana akwatunan siminti a bisa ƙasa, inda gishiri ba ya kaiwa, ta turo malamar gona, Nei Kaitibo, da sabon iri. Muka dasa. Cikin mako uku ganyen ya yi ɗorawa, don yashinmu ba ya ciyar da komai. Takin buhu kuma, in ji ta, zai gangara ya ɓata mana rijiyoyi.

Aka taru a maneaba, zauren taronmu, kowa a gurbin kakanninsa. Malamar ta ce in ba a sami takin kirki cikin mako guda ba, irin ya tafi, babu wani sai baɗi. Ba wanda ya kalli Rabaua, kuma kowa shi yake kallo. Tsohon abokinsa Ten Bureieta ne ya tanka.

"Kai tsoho, a kabari ma babai za ka shuka?"

Ba a yi dariya ba. Rabaua ya ce ya yi wa ubansa rantsuwa, sirrin ba zai bar jininsu ba. Ya daɗe yana murza bakin tabarma. Sannan ya miƙe, ya shaida wa dattawa ya ɗauki Kaitibo jika. A wurinmu ba a yin jika da fatar baki, sai an yanka mata fili. Ya ambaci na bakin gaɓa, mai kwakwa arba'in, wanda ɗansa ke sa ran gina gida a kai.

"Baba, ka san fa zan koya wa kowa," in ji ta a hankali.

"Kaka za ki ce. Abin da jika ta yi da gadonta, ruwanta."

Washegari suka wuce ta bayan gidana, ita ke ɗauke da kwandon, babu tabarma. Wasiƙar da ya rubuta wa ɗansa kan batun filin tana aljihunsa har yau, tana jiran jirgi.