Fayil ɗin Baba Danladi

Akwai ranakun aikin da na manta da su tun kafin in kai tashar mota, amma ban taɓa mantawa da wata Alhamis ta tsakiyar damina ba, a shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki. Ku yaran yanzu ba ku ga Abujar lokacin ba. Ka kwanta gaban gidanka fili ne, ka farka ka tarar da bene mai hawa bakwai yana yi maka ina kwana. Wayar hannu ta shigo, har masinja yana rataye tasa a ƙugu kamar takobi. Sai dai a cikin ma'aikatu hankali ba a kwance yake ba, domin an ce za a tantance ma'aikata, a rage su.

A lokacin ina akawu mai mataki na shida a rajista. Ga wanda bai sani ba, rajista ita ce ɗakin da ake ajiye fayil ɗin kowane ma'aikaci: takardar ɗaukarsa aiki, ta ƙarin girma, ta hutu, da ta tuhuma in ya yi laifi. Ƙa'idar kwamitin tantancewa ɗaya ce. Ka zo da ƙafarka, rajista ta kawo fayil ɗinka. In babu fayil, ko kana tsaye a gabansu kana atishawa, sunanka ma'aikacin bogi, kuma a goge ka.

Ranar Litinin muka jera fayil ɗin kowa, sai ɗaya ya ce ku ɗauke ni inda kuka ajiye ni. Na Baba Danladi ne, mai kula da lambun ma'aikatarmu, dattijo ɗan Gbagyi da ke zuwa daga Jiwa a kan keke. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Hajiya Darakta, shugabar sashenmu, ta kira ni ta dube ni ta saman gilashinta.

"Malam Sabo, kwamiti zai rufe ranar Juma'a da ƙarfe goma. In fayil bai fito ba, dattijon nan ya tafi gida ba aiki ba fansho. Ka ji ni?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Wallahi mun yi nema! Madam Comfort mai buga takardu ta ɗaura ɗankwali a hanci ta shiga taya ni ba wanda ya sa ta. Mun tono takardun da tun daga Legas aka kwaso su. Mun tarar da wani kyankyaso da in ana bin shekarun aiki ya isa babban sakatare. Na ga cokalina da ya ɓace tun ina saurayi. Fayil ɗin Baba kuwa ko ƙyallinsa.

Ranar Laraba na fita lambu don in ba shi haƙuri, sai ya zamana shi ke lallashina. Ya zaunar da ni a gindin wani mangwaro, ya miƙo min gwaiba. An yi yayyafi an ɗauke, ganyaye suna ɗiga a hankali, ƙasa tana ƙamshi, ƙarar injinan gini kuma ta koma can nesa kamar a wani gari ake yi.

"Oga Sabo, ka san wannan itace? Naka ne. Ranar da an ɗauke ka aiki na shuka shi."

Na zaci zolaya ce. Ashe haka yake yi: duk sabon ma'aikaci, sai ya dasa masa bishiya ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Ya rinƙa nuna min su ɗaya bayan ɗaya. Ga darbejiyar Hajiya, doguwa a miƙe. Ga lemon Madam Comfort. Ga na waɗanda suka rasu, suna nan suna ba da inuwa. Na ɗaga kai ina kallo, sai na ji kamar dukkanmu ne ke tsaye a ruwan nan, kafaɗa da kafaɗa, iska tana kaɗa mu, babu mai mataki na uku babu mai na sha shida.

"Naka ya fi kowa tara tsuntsu mai surutu," in ji shi. "Kar ka damu kanka. Na gaya wa Allah a coci ranar Lahadi. Kai ma ka gaya masa a masallaci. Ya san inda takarda yake."

Ranar Alhamis da la'asar aka tsuge da ruwa, aka ɗauke wuta. Ba damar ƙetare fili zuwa masallaci, sai na shimfiɗa sallayata a tsakanin kabad-kabad ɗin rajista. Ɗan hasken taga ne kawai, yana sauka a kan fayil-fayil kamar hasken asuba a kan rufin gidaje. Ban taɓa yin sujada mai tsawo irin ta ranar ba, ni da aka sani da sallar da ta fi atishawa sauri. Da na yi sallama ta hagu, kaina yana ƙasa-ƙasa, sai idona ya faɗa ƙarƙashin babban kabad ɗin ƙarfe. Wani koren kwali na leƙowa daga ƙarƙashin ƙafarsa.

Nan take na tuna, kuma gumi ya karyo min cikin sanyin nan. Shekaru shida baya kabad ɗin yana girgiɗi, ni da kaina na nemi abin tokare shi. Na gwada fayil-fayil da dama, duk sun yi kauri. Sai na zaro wanda ya fi kowanne siranta na cusa, da niyyar gobe zan kawo katako. Goben ce ba ta zo ba. Kuma ba wanda ya taɓa neman fayil ɗin, saboda mai shi bai taɓa samun takardar tuhuma ba, bai taɓa rubuto koke ba, bai taɓa roƙon komai ba.

Mu huɗu muka ɗaga kabad ɗin. Ga suna nan ɓaro-ɓaro, takarda uku tak a ciki, ga kuma ramin ƙafar kabad da zanen tsatsa a tsakiyar bangon fayil ɗin. Shaiɗan ya raɗa min in ce a bayan kabad na tsince shi. A irin wannan mako, wanda ya yi wasa da fayil shi ne farkon fita. Na ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya, sannan na shiga na faɗi gaskiya, daga farko har ƙarshe.

Ta daɗe tana shafa ramin nan da yatsa. Ta sa aka kira Baba, ya shigo da rigarsa a jiƙe, ta ce in maimaita a gabansa. Na maimaita ina kallon takalmina.

Can sai kafaɗun Baba suka fara rawa. Dariya yake yi.

"Hajiya, ashe shekara shida ni ne na riƙe rajista! A waje ina aiki, a ciki ina aiki. Kar ki kore shi, don Allah. In ya tafi wa zai sha mangwaronsa?"

Hajiya ta juya wajen taga don kada mu ga fuskarta. "Malam Sabo, za ka samu takardar tuhuma. Naka fayil ɗin dai ba zai taɓa shiga ƙarƙashin kabad ba, ya yi ƙiba."

Ranar Juma'a ni na ɗauki fayil ɗin da hannu biyu na bi bayan Baba zuwa gaban kwamiti, kamar mai rakiyar ango. Suka buga masa hatimi. Ranar Litinin na tarar da ɗan katako a kan teburina, an sassaƙe shi daidai ƙafar kabad.

Ku da za ku gaji rajista, ga abin da na koya. Fayil mai kauri ba ya ɓata, kullum yana yawo daga tebur zuwa tebur yana ihu. Siririn nan da ba ya motsi shi za ku rinƙa dubawa, domin sau da yawa na mutumin da ke riƙe da wurin ne. Baba ya yi ritayarsa lafiya ya koma gona. Ni kuwa har yau in azahar ta yi, a gindin mangwarona nake alwala, tsuntsaye suna ta zuba a kaina, ba mai barin wani ya gama magana.