Attahiru Mai Ajiyar Muryoyi

A kasuwar Gidan Amumune, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, akwai rumfar wani mai gyaran salula, Attahiru. A Maradi ya koyi sana'ar, ya dawo gida saboda gonar gero da tsohuwarsa. Yayansa Jibo kuwa ya tafi cin rani Aljeriya. Shekara uku yana aiko saƙon murya, daga nan shiru, ko labari babu.

Matan da mazansu ke can sukan kawo wa Attahiru salula idan ta cika, ba sa son a goge muryoyin. Sai ya sayi wata 'yar na'urar ajiya, ba ta fi tafin hannu ba, ya haɗa ta da pano guda na hasken rana da batir. Kowace mace da wurinta a ciki. Bintu matar Jibo ma ta kawo, kuma Allah ya taimaka, don bayan sati biyu salularta ta faɗa rijiya. Muryar Jibo ba ta saura ko'ina ba sai a wannan na'ura.

Wata rana wani abokin hira ya latsa na'urar yana wasa, sai ga muryar mijin wata tana faɗin maganar cikin ɗaki. Attahiru ya ji kunya matuƙa. A ranar ya kulle komai da kullen sirri, irin wanda ke hargitsa ajiya yadda ko an sace na'urar ba mai gane kome sai mai lambar buɗewa.

Sirri ya tsaru, amma na'urar ta koma kamar jaki da kaya. Murya takan fito, ta tsaya, ta yanke. Jibo zai ce "Bintu, ki gaida," sai shiru, sai gutsuren kalma. Bintu takan zauna bakin benci ran kasuwa ta saurara a haka, tana cika sauran maganar da bakinta.

Attahiru ya ɗauki na'urar ya tafi Mayahi wurin Cindo, masanin ordinata, wato kwamfuta, da suka yi makarantar lakwal tare. Cindo ya duba ya girgiza kai.

"Abokina, ƙwaƙwalwar wannan ƙarama ce. Ba ta da sashen da aka yi don kulle da buɗewa, da ƙarfinta take yi, kalma-kalma. Memwar ɗinta ma, wato ƙarfin riƙonta, jiga guda ne kacal. Ka nemi mai wannan sashen, mai jiga huɗu. Amma ka sani za ta sha wuta, pano guda ba zai riƙe ta ba."

"In ban samu ba fa?"

"Ka cire kullen mana. Muryar ta fito tas."

Attahiru shi ma yana marmarin jin yayansa yana magana ba yankewa. Can ya ce, "Amanar mutane ce, Cindo. Ba ni cirewa."

Damina ta wuce a haka. Bayan girbi ya samo na'ura 'yar gwanjo irin wadda Cindo ya faɗa a Maradi, ya ƙara pano a kan rumfa, ya kwashe ajiyar duka zuwa cikinta a kulle. Ya aika aka kira Bintu.

"Matar yaya, zo ki ji."

Ta sa lambarta. Jibo ya yi magana tiryan-tiryan: ya gaida tsohuwa, ya tambayi ko akuyar ta haihu, ya yi dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari, ya ce da yardar Allah zai zo kafin shuka. Bintu ta ja mayafi ta rufe fuska. Attahiru ya fita waje ya tsaya yana kallon masu awon gero, har ta gama ji sau uku.

Jibo bai zo ba har yau. Attahiru ya ba direbobin hanyar Agadas hotonsa, kuma duk motar da ta tsaya bakin kasuwa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya duba masu sauka.